Gabana na faɗuwa tun kafin a raba takardar jarabawa: zaman magana da masani yana magani kuwa?

Bintu_aji3:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina leƙowa nan ban taɓa cewa uffan ba, yau dai tura ta kai bango. Ina aji uku a jami'a, kemistiri nake karantawa. Tun zangon da ya wuce, da zarar an kafe jadawalin jarabawa barci ya ƙaurace min. In na kwanta zuciyata ta dinga dukan uku-uku, tafin hannuna ya jiƙe sharkaf, da safe kuma ga murɗawar ciki. Ranar da muka rubuta wani kos, aka miƙo min takarda na duba, wallahi na san amsoshin, ni na koya wa 'yan ɗakinmu da daddare, amma kaina ya ɗauke ɗif kamar an ɗauke wuta. Numfashi ya gagara, yatsuna suka sandare, na ɗauka a kan bencin nan zan cika. Aka kwashe ni zuwa kilinik. An auna jini, an yi gwajin maleriya da taifot, an duba zuciya, likita ya ce lafiyata ƙalau, fargaba ce, ya rubuta min takarda in je in ga masanin halayyar ɗan Adam. Kos ɗin dai na faɗi, sai na maimaita.

Umma ta ce ko iska ce ko kambun baka, an yi min ruƙiyya, na sha rubutu. Yayana ya ce raki ne kawai irin na 'yan auta. Tambayata: akwai wanda ya taɓa zuwa wannan abin da ake cewa terafi? Ashe zama a yi magana kawai zai iya tsayar da abin da ke girgiza jiki haka? Jarabawa saura sati bakwai.

Dan_Fagge:
Allah ya yaye miki. Ki riƙe azkar na safe da yamma, ki daina karatun kwana. Wannan terafin kayan Turawa ne, su da ba su da dangi ba su da masallaci. Mu nan mutum ya biya kuɗi don a saurare shi?

Maman_Haidar:
Bintu ƙanwata, karanta rubutunki na yi kamar ni na rubuta shi shekara shida da suka wuce. Ni a ajin ƙarshe abin ya kama ni, lokacin furojet. In na hango motar sufabaizana sai in canza hanya, wata uku ban kai masa babi ko ɗaya ba, alhali mutumin bai taɓa ko ɗaga min murya ba.

Na je wajen wata masaniya a wani asibitin koyarwa, zama goma muka yi, sau ɗaya a sati. Abin da nake so ki cire a ranki shi ne cewa hira ce. Ba hira ba ce, aiki ne, har da jinga ake ba ki ki tafi gida da ita. Ta sa na sayi littafi mai ganye arba'in na tsaga layuka. Layin farko me ya faru, na biyu me na faɗa wa kaina a wannan lokacin, na uku me na ji a jikina. Sai na huɗu, wanda ya fi ba ni wuya: mece ce hujjata? Misali na rubuta "zai ce ban san komai ba, za a kore ni, Baba ya yi asarar kuɗinsa." Sai ta ce, ɗalibai nawa kika sani da aka kora saboda gyaran babi na biyu? Na yi shiru. Ta ce me ya ce miki ranar da kika kai na ƙarshe? Na ce ya ce in gyara jerin littattafan da na duba. Shi ke nan fa abin da na gina masa gidan sama a kai.

Amma abin da ya fi yi min aiki ba rubutun ba ne. Wata rana ta sa na hau bene na sauko sau biyar da gudu, har zuciyata ta dinga bugawa irin bugun da nake tsoro, sannan ta ce in zauna kada in yi komai, in jira. Na jira, ya lafa da kansa. Muka yi ta maimaitawa har jikina ya gane bugun zuciya ba sallamar mutuwa ba ne. Daga nan muka koma kan ofishin malamin: yau in wuce ta ƙofar kawai, gobe in tsaya in gaishe shi, jibi in shiga da shafi biyu. Da kaɗan-kaɗan. Ana ce wa tsarin CBT. Ban ce miki yanzu gabana ba ya faɗuwa ba, yana faɗuwa, amma ba ya hana ni shiga inda zan shiga.

Sojan_Baka:
CBT kuma? Wadda muka rubuta a JAMB? Ai ita ce ma ta fara sa mana ciwon.

Nasir_Saiko:
Sojan_Baka ka ji ka da tsiya. Haruffan ne suka zo ɗaya. Wannan tana nufin gyaran tunani da ɗabi'a, wani likita Ba'amurke Aaron Beck ne ya shimfiɗa ta a shekarun 1960 a Jami'ar Pennsylvania. Ina karanta fannin, bari in ɗan ƙara a kan abin da Anti Maman_Haidar ta ce. Fargaba tana rayuwa ne da gudu. Duk ranar da ka kauce wa abin da kake tsoro, ka ƙi zuwa tes, ka ƙi tashi ka gabatar a gaban aji, za ka ji sanyi nan take. Wannan sanyin shi ne tarkon, domin ƙwaƙwalwa ta koyi cewa gudun ne ya cece ka, gobe sai ta ƙara maka tsoron. Shi ya sa masani ba ya tsayawa a lallashi, sai ya mai da kai wurin da ka gudo a hankali. Yawanci zama ne ƙidayayye, daga shida zuwa ashirin, ba abu ne na har abada ba.

Abu_Sumayya:
Malam Dan_Fagge, Allah ya saka da alheri kan maganar azkar, amma sauran maganarka tana buƙatar gyara. Manzon Allah (SAW) ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, kuma ya umarce mu da neman magani. Shi da kansa yana yawan neman tsari da "Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan", wato damuwar abin da ke tafe da baƙin cikin abin da ya wuce. Da ba abu ne mai kama mumini ba, da ba a koya mana addu'arsa ba.

Batun cewa kayan Turawa ne kuwa, akwai malami Abu Zaid al-Balkhi, ya rasu a shekarar 934, sama da shekara dubu kafin Beck ɗin da Nasir ya ambata. Ya yi rubutu a kan kula da lafiyar jiki da ta rai, ya ware tsoro daban, fushi daban, baƙin ciki daban, waswasi daban. Har ya ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunani a lokacin da hankalinsa ke kwance, kamar yadda ake ajiye magani a gida saboda ɓacin rana. In ba littafin Maman_Haidar mai layi huɗu ba, mene ne wannan? Bintu, ki yi ruƙiyyarki, ki kuma kai takardar da likita ya ba ki inda ya ce. Ɗaya ba ta kore ɗaya.

Dan_Fagge:
Ustaz na ji, kuma na karɓi gyara a kan hadisi. Amma ni har yanzu ina ganin yaran yanzu komai sai sun sa masa suna. Iyayenmu sun yi karatu da aci-balbal, wa ya kai su wajen wani masani?

Dakta_H:
Iyayenmu da suka gama su muke gani, Dan_Fagge. Waɗanda suka tattara akwatinsu suka koma gida aka ce "boko bai karɓe shi ba", ba wanda ya ƙirga su.

Bintu, ni likita ce, ina samun horo a ɓangaren ƙwaƙwalwa. Ba zan duba ki ta waya ba, amma abin da kika kwatanta ya yi kama da farmakin firgici. Ga yadda yake: jiki yana da ƙararrawar haɗari. In ta kaɗa, sai a saki sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara gudu, jini ya koma gaɓoɓi, hanji ya motsa, duk don ki gudu ko ki yi faɗa. In kura ce a gabanki wannan rahama ce. Matsalar ita ce ƙararrawar ba ta bambance kura da takardar jarabawa. Sandarewar yatsun nan kuma daga saurin numfashi ne: kina fitar da iskar kabon fiye da kima, sai ki ji jiri, leɓe da yatsu su yi zir-zir, ki ƙara tsorata, ki ƙara haki. Yawanci yana kai ƙololuwa cikin kamar minti goma sannan ya fara sauka. Dabarar gaggawa ita ce fitar da numfashi a hankali, ya fi shaƙar tsawo, kamar mai hura koko.

Abu biyu zan roƙa. In ba a duba miki maƙoshi ba, ki ce a duba, domin tairod, wata halitta da ke maƙoshi, in ta yi aiki fiye da kima tana kawo bugun zuciya, gumi, rawar hannu da rama, sak fargaba. Haka ƙarancin jini. Na biyu, ba a fafe gora ranar tafiya. Sati bakwai ba su da yawa amma sun isa a fara, kada ki bari sai saura kwana uku.

Kuma ba ke kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 301 ne ke fama da cututtukan fargaba a 2019, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani.

Yar_Gwale:
Ku yi haƙuri zan ɓata muku miya. Ni na je. Ofishin ba da shawara na makarantarmu na shiga, na tarar da wani dattijo yana karanta jarida. Ban kai rabin bayanina ba ya katse ni ya ce, "Kina da manemi?" Na ce akwai. Ya ce to ki yi aure duk wannan zai wuce. Abin da ya fi ƙona min rai, bayan sati biyu wani lakcaran sashenmu ya tare ni a baranda yana cewa ya jikin, an ce kina da matsalar ƙwaƙwalwa. Daga wa ya ji? Tun daga ranar na rantse ba mai sake jin cikina. Don haka masu cewa "je ki ga masani", ku riƙa faɗin wane masanin.

Maman_Haidar:
Yar_Gwale wallahi an zalunce ki, ba ni da abin karewa. Amma wanda ya gamu da telan da ya ɓata masa shadda ba ya daina ɗinki. Ni tawa tun zaman farko ta fara da cewa abin da muka faɗa a ɗakin nan a nan zai tsaya, sai in rayuwata ko ta wani na cikin haɗari. Duk wanda bai fara miki da wannan ba, ki tambaye shi. In ya yi ƙwauron amsa ki ɗauki jakarki.

Kwamared_Bala:
Ni dariya ma kuke ba ni. Ɗalibin da ya karya da garin kwaki, ya tako daga unguwa saboda kuɗin Keke Napep ya gagara tun da aka cire tallafin mai a 2023, an ninka masa kuɗin rajista, su takwas a ɗakin mutum huɗu, ku ce ya zo ya rubuta tunaninsa a littafi? Mun zauna a gida wata takwas saboda yajin aikin malaman jami'a a 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, aka dawo aka dunƙule mana zango cikin 'yan makonni, tes uku a rana ɗaya. Ba dole gaba ya faɗi ba? Wannan ba cuta ba ce, hankali ne. Wanda bai damu ba a wannan yanayin shi ya kamata a kai asibiti. Ku gyara makarantu ku ga in ba a nemi fargabar an rasa ba.

Nasir_Saiko:
Kwamared, rabin maganarka gaskiya ce. Ba masanin da zai ce wa mai jin yunwa yunwarsa tunani ce. Amma ka lura da abin da Bintu ta ce: ta karanta, ta sani, har ta koyar, sai a ɗakin jarabawa abin ya tsere. Damuwar da ke sa ka tashi ka karanta daban, wadda ke hana ka rubuta abin da ka karanta daban. Ko gobe aka mai da karatu kyauta, wannan ƙararrawar tata ba za ta gyaru da kanta ba. Kuma ba za ta jira gwamnati ba, sati bakwai gare ta.

Kwamared_Bala:
To ai shi ke nan, ku yi ta ɗinke ɓaraka ɗaya-ɗaya ana yaga zanin daga sama.

Talatu_Jos:
Mu ma a wajenmu haka ne fa. Da abin ya same ni a aji biyu, cewa aka yi bangaskiyata ce ta yi rauni, in ƙara azumi. Matar faston mu ce, da yake nas ce, ta ja ni gefe ta ce addu'a muna yi, amma gobe ki shirya in raka ki asibiti. Allah ya yi mata albarka. Abin da ya fi taimakona zaman rukuni ne, mu shida duk ɗalibai. Jin wani ƙato ɗan injiniya yana cewa shi ma yana amai kafin jarabawa ya sauke min rabin kayan.

Basakkwace:
Ni dai abin da nig gani, ku bincika abin da kuke sha. Zamanin da muna TDB, wato karatun dare har gari ya waye, Nescafe ƙunshi ukku nika zubawa cikin lemun kwalba, ga goro, ga abin shan nan na ƙarin kuzari. Wanshekare hannuna na kyarma ko biro ban iya riƙewa, ni ce aljannu na. Da ni bari, rabin abin ya tafi. Sauran rabin kam sai da ni tai asibitin ƙwaƙwalwa na Kware. Bintu mi kika sha in za ki karatun dare?

Bintu_aji3:
Kunya ta kama ni. Kofi biyu na Nescafe, wani lokacin uku.

Dakta_H:
To ga jingar farko tun kafin ki ga kowa. Amma a rage a hankali, in kika yanke rana ɗaya ciwon kai zai sa ki koma.

BaSuna_22:
Na buɗe wannan sunan ne don in rubuta wannan kawai. Ni namiji ne, kuma a wajenmu namiji ba ya cewa yana tsoro. Da fargabar gabatar da semina ta dame ni, wani abokina a hostal ya ba ni ƙwaya rabi ya ce za ta daidaita ni. Ta kuwa daidaita ni, na yi bayani kamar lakcara. Daga nan duk tes sai na sha, daga rabi zuwa ɗaya, daga ɗaya zuwa biyu, a kemis nake saye ba mai tambayata takarda. Shekara ba ta zagayo ba sai da ya zama in ban sha ba ko gaisawa da mutane ba na iyawa, fargabar ta ninka wadda na fara da ita. Ranar da na yi zuciya na daina gaba ɗaya, kwana uku ban runtsa ba, jikina na karkarwa. Sai da aka kai ni asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, suka riƙa rage min a hankali, sannan aka haɗa ni da mai zaman magana. Na rasa shekara guda. Da tun farko na san akwai inda ake zuwa a faɗi "ina tsoro" ba a yi maka dariya ba, da ban kai nan ba. Bintu, duk wanda ya miƙo miki wani abu a hostal ya ce zai kwantar miki da hankali, ki ce kin gode.

Dakta_H:
BaSuna_22, Allah ya ƙara lafiya, ka yi jarumta da ka faɗa. Irin su diazepam da Lexotan suna kwantar da fargaba cikin mintuna, shi ya sa suke da haɗari: jiki na sabawa da su cikin makonni, kuma yanke su lokaci guda na iya kawo har farfaɗiya. Mun ga yadda kodin ya yi da matasanmu kafin a hana shi a watan Mayun 2018. Magungunan da muke bayarwa na dogon zango, irin su sertraline da fluoxetine, ba haka suke ba: sai sun ɗauki sati biyu zuwa shida kafin a ji amfaninsu, satin farko ma wani kan ji kamar abin ya ƙaru. Ba kowa ke buƙatarsu ba. Kuma in akwai mai karanta wannan da tunanin kashe kansa ke zo masa, wannan ba na jiran layi ba ne, ya faɗa wa wani na kusa yau, a kai shi sashen gaggawa.

Zee_Tudunwada:
Ni kam gaskiya zaman magana shi kaɗai bai yi min ba. Zama biyar na yi ina jin ta kamar rediyo, kaina ya cika ba inda maganar za ta zauna. Sai da aka haɗa min da magani na fara barci, sannan na iya yin jingar. Kada wanda ya je bai ga canji ba ya ɗauka shi ne ya gaza.

Dalibin_Khartoum:
Akwai irin namu kuma da ba a cika tunawa da mu ba. Ina cikin waɗanda aka kwaso daga Sudan bayan yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023. Mun yi kwanaki a bakin iyakar Masar kafin a ɗauko mu daga Aswan. Na dawo lafiya, aka yi sauka aka yi sadaka, na samu gurbi a wata jami'a a nan. Sai ga shi in aka buga ƙofar aji da ƙarfi ko salansar babur ta fashe, sai in tsinci kaina a ƙarƙashin benci. Masanin da na gani ya ce nawa ba fargabar jarabawa ba ce, tabon abin da na gani ne, kuma hanyar aikinsa daban. Don haka kada kowa ya kwafi jingar Maman_Haidar ya ce ya yi wa kansa magani. A fara sanin wane iri ne tukuna.

Hajiya_Anti:
Ni uwa ce, 'ya'yana biyu suna jami'a, bari in faɗa muku abin da ke ran Umman Bintu wanda ba za ta faɗa ba. Ba wai ba ta yarda da likita ba ne. Tsoronta ranar da za a zo neman aure, dangin miji su shiga unguwa bincike, wata maƙwabciya ta ce ai yarinyar nan har Dawanau an kai ta. Iska ana tausaya wa mai ita, a ce Allah ya raba. Amma katin asibitin ƙwaƙwalwa, har ƙannenta sai ya shafa. Ku kuna maganar littafi, mu muna maganar unguwa. Bintu, kada ki je a ɓoye, kuma kada ki yi wa Umma gardama. Ki nemo wanda take jin maganarsa, kawu ko malamin da ya yi miki ruƙiyyar, shi ya faɗa mata.

Barista_Z:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, maganarki dutse. Ta fuskar doka dai an ɗan motsa. A da dokar mahaukata ta 1958 muke amfani da ita, sai a farkon 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta tanadi sirrin majinyaci da hana nuna masa wariya. Abin da aka yi wa Yar_Gwale abin kai ƙara ne. Sai dai doka ba ta rufe bakin maƙwabciya. Shawarata ta zahiri: ba dole sai asibitin da sunansa ya yi tambari ba. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika suna da sashen, ƙofa ɗaya kike shiga da mai ciwon ido da mai awon ciki.

Dan_Fagge:
Ni fa abin da nake cewa ke nan tun farko. Da can yarinya in abu ya dame ta tana da kaka, tana da gwaggo. Mu muka watsar da namu muka koma neman baƙo.

Yar_Gwale:
Gwaggo? Ka faɗa wa gwaggo da hantsi, kafin la'asar an ji a gidan suna.

Nasir_Saiko:
Ku biyun duka kuna da hujja, kuma an taɓa gwada haɗa su. A Zimbabuwe wani likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata, aka sa musu benci a harabar ƙananan asibitoci, mai damuwa ya zo ya zauna su warware matsalarsa ɗaya bayan ɗaya, kuma bincike ya nuna yana aiki. Bambancinsu da gwaggon Yar_Gwale horo da riƙe sirri. Mu ma nan Farfesa Lambo ya yi makamancin haka a Aro ta Abeokuta tun 1954, majinyata na zaune a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu, har masu maganin gargajiya ya jawo cikin aikin. Da likitocin ƙwaƙwalwar da ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, ban ga yadda za a yi kowane ɗalibi ya samu ƙwararre ba. Me zai hana a horar da matron ɗin hostal da 'yan kwamitin masallaci da na coci?

Kwamared_Bala:
Matron ɗin da ke ƙwace mana hita? Allah ya kiyaye.

Bintu_aji3:
Salam. Na dawo in ba ku labari, kwana tara ke nan. Na bi shawarar Hajiya_Anti, na sami Kawu ƙanin Umma, shi ya yi mata magana. Ta yarda, da sharaɗin ba za a faɗa wa 'yan uwan Baba ba, kuma zan ci gaba da shan rubutuna. Na ce na ji.

Jiya na yi zaman farko. Ba gado, ba allura, kujera biyu ce da fanka. Ta ba ni wata takarda mai tambaya bakwai kan yadda na ji a sati biyun da suka wuce, kowace daga sifili zuwa uku. Na samu 16 cikin 21, ta ce daga 15 ana lissafa shi mai tsanani, amma za mu riƙa maimaitawa mu ga ko yana sauka. Na yi kuka wallahi, ban san dalili ba. An ɗebi jinin maƙoshin da Dakta ta ce, sakamako sai Litinin. Jingata ta wannan satin: in je ɗakin da abin ya same ni lokacin da ba kowa, in zauna a bencin nan dai, in amsa tsohuwar takardar tambaya na minti ashirin da agogo. Tun jiya nake kewaya ginin ban shiga ba.

Abu ɗaya ya ɗaure min kai. Na ce mata zan roƙi jami'in jarabawa ya riƙa zaunar da ni kusa da ƙofa, sai ta ce za mu tattauna, amma ba ta so ya zame min sanda. Ni kuma gani nake in ina kusa da ƙofa hankalina zai fi kwanciya. Me kuka gani?

Maman_Haidar:
Ta yi gaskiya. Ni robar ruwa ce sandata, in na manta ta a ɗaki sai in ji ba zan iya shiga aji ba. In kika ci jarabawar a bakin ƙofa, zuciyarki za ta ce ƙofar ce ta ci, ba ke ba. Ginin kuma ki shiga gobe da safe kafin tunani ya farka, ki tafi da ƙawa ta tsaya a waje.

Zee_Tudunwada:
Ni ban yarda ba. Yarinya na da kos a wuya, saura sati biyar da 'yan kwanaki. Ta zauna bakin ƙofa ta tsallake wannan zangon, jarumtar a yi ta a zango mai zuwa. Mai karaya ai da sanda yake fara tafiya.

Dakta_H:
Duka biyun ana yi, ya danganta da inda ta kai kafin ranar. Ku bar ta da mai duba ta. Bintu, Nescafe fa?

Bintu_aji3:
Saura kofi ɗaya, Dakta. Rabin cokali.

Dan_Fagge:
Ni dai har yanzu ban gamsu da biyan kuɗin magana ba, amma Allah ya ba ki sa'a ƙanwata. Ki karanta Alam Nashraha kafin ki shiga ginin.

Malama_Gumel:
Ku gafarce ni na shigo a makare. Ƙanina yana wata kwalejin ilimi a ƙaramin gari, alamominsa sak na Bintu, har ya fara cewa zai ajiye karatun. Garin ba masani ko ɗaya, babban asibiti mafi kusa tafiyar awa uku ce. Akwai wanda ya taɓa yin irin wannan zaman ta waya? Yana yiwuwa kuwa da netwok ɗin ƙauye, kuma da Hausa?